Kawu, Land Rover da firjin mai ƙanƙara

Kawuna yana da wata Land Rover Series III mai shan esansi, irin wadda Ingila ta ƙera tsakanin 1971 da 1985. Yakan rantse cewa ta yi aiki a Projet Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, amma duk mai tsohuwar mota a Adar haka yake cewa. Da ita yake kwaso albasa daga fadamar Tarka zuwa Madawa, ran kasuwa kuma ya haura Buza da fasinja.

Sai ta fara tari a hawa. Bakanike ya daidaita ratar supap, wato bawul, zuwa milimita 0.25, ta yi lafiya, bayan ɗan lokaci ratar ta sake tsukewa. Kawu ya ce baki ne, har ya rataya laya a madubi.

Ciwon yana cikin kulas, wato kan injin. An ƙera shi da zubin baƙin ƙarfe, mazaunin supap kuma a jikin ƙarfen aka sassaƙa shi. A da mai yana ɗauke da dalma, wadda aka gano amfaninta a kamfanin General Motors a 1921, kuma ita ke shimfiɗa ɗan rufi tsakanin supap ɗin hayaƙi da mazauninsa. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, don haka ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sa ta a mai a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Da babu ita, supap mai zafi yana liƙewa yana ɓantarar ƙarfen, a hankali yana nutsewa. Masu Peugeot 404 da 504 ba su sha wannan wahala sosai ba, domin kulas ɗinsu na alminiyam ne, da zobensa tun daga kamfani.

Maganin shi ne a yanke rami, a dasa zoben ƙarfe mai tauri. Kawu ya ɗora mini kulas muka shiga motar Maradi. Mai injin yanka ya yanke ramuka huɗu, ya kawo zobba, sannan ya faɗi kuɗin dasawa da na gyaran baki. Kawu ya miƙe tsaye.

"Malam, sa zobe a rami ne sai an biya? Bar shi, ina da yaro a gida."

"Alhaji, zoben ya fi ramin faɗi da gangan. Sai an gasa kulas ya buɗe, a sanyaya zobe ya tsuke."

"To wuta da ƙanƙara ne babu a Madawa?"

Akwai su kuwa, sai dai ba a unguwa ɗaya ba. An ɗora kulas a kan garwashin mai tsire da ke bakin tasha, zobba kuma suka kwana a firjin wata mai sayar da ƙanƙara a can ƙarshen gari, kusa da lemun zoɓo. Watan Afrilu ne. Aikina shi ne in ɗauko zobe ɗaya ɗaya, in sheƙo da gudu. Na farko na kawo shi a aljihu, ya iso da ɗumi kamar wainar safe. Bakanike ya ce a sa su cikin kwanon ƙanƙara, mai firji ta ce ƙanƙararta ba ta sadaka ba ce, Kawu ya tsaya ciniki, kulas yana hucewa, mai tsire yana fifita yana kallon namansa da aka ture gefe. Uku suka shiga da lallashi. Na huɗu ya tsaya a karkace, bakanike ya ce, "Alhaji, a sake gasawa." Kawu ya dubi kuɗin gawayi, ya karɓi guduma da kansa.

Bakin zobe ana yanka shi da inji a kan kusurwar digiri 45 don ya dace da supap. Mu da man gogewa da sandar roba muka wuni muna murzawa.

Gaskiya motar ta tashi da murya mai daɗi, Kawu ya zaga tasha sau biyu yana oda. A hawan Buza, da buhunan albasa har saman rufi, injin ya yi zafi, zoben da guduma ta ci bakin raminsa ya saki ya faɗa kan fistan. Ƙarar ta sa wata tsohuwa salati, ta sauka ba ta tsaya neman canjinta ba. Amalanken jaki ne ya ƙarasa da albasar.

Kawu ya sayi fistan, ya sayi wani kulas ɗin a Kano, ya koma wurin mutumin Maradi ya biya kuɗin dasawa ba tare da ya ce a rage ba. Mai firji kuwa har yau tana binsa kuɗin ƙanƙara, kuma ta ce in gaya masa.