Dakta Yana Kan Babi Na Biyu

A kowace jami'a ta ƙasar nan akwai mutumin da yake kan babi na biyu. Ka gamu da shi a masallaci, yana kan babi na biyu. Ka sake ganinsa wajen ɗaurin aure, gemu ya fara furfura, 'yar da aka haifa masa ranar da aka amince da taken bincikensa ta shiga firamare, shi yana nan inda ka bar shi. Unguwa ta daɗe da naɗa masa Dakta, har mai shayi haka yake kiransa. Jami'a ce kaɗai labari bai kai mata ba.

Kada a ɗauki alhakinsa, ba rago ba ne. Lokaci yake jira, irin mai faɗin nan: wata guda cur, ba baƙo, ba biki, ba rasuwa, wuta ba ta ƙiftawa. Allah kuwa ya taɓa kawowa. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki na wata tara, ga kullen korona a kai. A 2022 ta ƙara wata takwas. Da aka tambaye shi inda aka kwana sai ya ce ba a rubutu da yunwa, an riƙe albashi. Nan kam ya yi gaskiya. Da albashi ya dawo kuma sai ga takardun jarrabawa tuli.

Wannan ciwo yana da likitoci. Robert Boice, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi shekaru yana bin diddigin malaman jami'a, ya tarar masu ɗan zama kullum su rubuta kaɗan sun fi masu jiran hutu su yi kwanan zaune yawan shafuka. A 1998 Joan Bolker ta fitar da littafi sukutum kan rubuta kundin digiri da minti 15 a rana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ajiye aiki jiya ya san inda ya tsaya. Wanda ya ajiye tun kafin azumi sai ya kashe kwana uku yana neman filashi, ya ƙara uku yana tambayar kansa wane ne ya rubuta wannan shirmen.

To amma minti 15 raini ne a wurin Dakta, kuma na gane abin da ke cinsa: minti 15 ba ya ba da labari a majalisa. Ka iso da jajayen idanu ka ce, "Wallahi jiya ban runtsa ba, har aka kira assalatu ina kan kwamfuta," nan take za a matsa maka tabarma, ana "Sannu Dakta, Allah ya ba da lada." Ka ce ka rubuta sakin layi ɗaya ka koma barci, wa zai yi maka sannu?

Duk da haka yakan gwada. Ya dawo daga masallaci, ya buɗe kwamfuta, ita kuma ta ce yau take son sabunta kanta. Ya ɗauko waya don saita agogo, sai ga saƙonnin barka da Juma'a daga dangi, kowanne da furanni, kuma rashin amsawa yanke zumunci ne. Ya gama, ya tsaya zaɓe tsakanin "babi na biyu na ƙarshe" da "babi na biyu na ƙarshe na gaske" da "wanda Farfesa ya gyara". Ya ɗora yatsa ke nan sai sallama a ƙofa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya mai jiki, yaya muka ji da tsadar nan. Francesco Cirillo, ɗalibin Italiyan da ya ƙirƙiro dabarar aikin minti 25 da agogon kicin mai siffar tumatir, bai taɓa gaisawa da Bahaushe ba. Da ya taɓa, da ya ware wa gaisuwa tumatir nata daban.

Ka ba shi labarin Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya a Ingila da yake tashi ƙarfe biyar da rabi, ya ajiye agogo a gabansa, ya zuba kalma 250 duk minti 15 kafin ya tafi ofis, har ya bar littattafan labari 47. Dakta zai ce ai Trollope ba ya zuwa ta'aziyya. Ka ce to Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello fa, da suka yi ta wallafa ana hijira ana yaƙi, da alƙalamin kara, ba tallafin bincike na TETFund? Sai ya gyara hula ya ce, "Haba Malam, su ai bayin Allah ne." Malamar ofishin kusa da shi kuwa, wadda take rubutu a mota tana jiran a taso yara, ta kare kundinta bara. Ita ma an samo mata bayani: mata ba su da hidimar jama'a.

Labari mai daɗi shi ne yanzu Dakta ya yarda da tsarin, har ya kafa ƙungiya ta masu rubutun minti 15. An zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, an yanke kuɗin rajista, an buɗe zaure a WhatsApp. Zaman farko ya ci awa uku, aka tashi baram-baram kan ko addu'ar buɗe taro tana cikin minti 15 ɗin ko tana waje. An miƙa batun ga kwamiti, zai kawo rahoto bayan Sallah.