Wai Har Kano Don Kallon Tsohon Ƙyaure?

Shawara ce na kawo, kuma na san tun kafin in rufe baki wani dattijo a tashar Ƙaura ya riga ya taɓe nasa. Cewa na yi mu haɗa kuɗin mota, mu da iyalinmu, mu je Kano mu shiga Gidan Makama. Ba sari za mu yi ba, ba ganin likita ba, ba ɗaurin aure ba. Kallo kawai.

"Mi za mu gani can? Tsohon ƙyaure da takobi mai tsatsa? Wanga aikin marasa aikin yi na." To, Baba, na ji. Amma shekara nawa kana hawa motar Kano? Ka san Dawanau lungu-lungu, ka san mai awon gaskiya da mai danne mudu. Ka san Kantin Kwari, ka san Singa, har mai shayin da ya fi zuba madara a Fagge ka sani. In kuwa aka ce ka nuna gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, sai ka shiga sosa ƙeya. Ka zama mutumin da ya je gidan biki ya tsaya a zaure yana ƙirga takalma, ya koma gida yana ba da labarin ya ga biki.

Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da sarakunan Kano ke ciki har yau, a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, kuma a wurinsa Shehu Magili ya sauka. Gidan Makama, bisa abin da Kanawa suka gada, nan ne mazauninsa tun yana riƙe da sarautar Makama. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun ɗan mai da gidan ofis. Yanzu wani sashe nasa gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ga shi nan dab da fadar Sarki, ta wajen Ƙofar Kudu. Duk ɗan A Daidaita Sahu ya san wurin, ko da shi ma bai taɓa leƙawa ba.

Abin kallo na farko ba a rataye yake ba, ba a cikin gilashi yake ba, gidan ne da kansa. Da ka shiga zaure, ɗaga kai kafin ka dubi komai. Ka ga yadda magina suka ɗaura azara kan azara, suka lanƙwasa ta daga bango huɗu har ta haɗu a tsakiya, suka lulluɓe da laka, babu siminti babu rodi, rufin yana zaune. Wannan shi ne ɗaurin guga, gwanintar da ta sa har gobe ake ambaton Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ka taɓa kaurin bangon, ka ji sanyin ɗakin da tsakar rana. Sannan ka tuna da naka ginin bulo mai rufin kwano a Ƙaura, wanda ke korar ka zuwa gindin darbejiya da zarar bazara ta kama, kana fifita da murfin kwali kana zagin masu wuta. Kai ne mai ginin zamani, Alhaji, ban musa ba. Tambayata ita ce wa ya fi wani barcin rana.

Ciki kuma akwai ƙyamaren ƙofofin ganuwa na da, masu ƙarfe a jiki, akwai sulke da kayan doki da makaman yaƙi, da tsofaffin hotunan Kano da sarakunanta, da kayan sana'o'i, da ɗakin amarya an yi masa jere irin na kakanninmu. Saboda wannan ɗaki ma nake cewa kada a bar Inna a gida. Mai yi muku jagora zai fara bayanin tasoshi da ƙore, ita kuwa za ta katse shi ta gyara masa, ta gaya masa abin da ya ɓace a jeren da inda ya kamata a ɗora kowane. A ranar za ku gane cewa kun daɗe kuna zaune da gidan tarihi a tsakar gida, kuna aika ta ɗauko muku buta.

Na juyo gare ku, mutanen Shinkafi, don na san taku tambayar guda ce: riba nawa? Ku da ko gaisuwa sai kun auna. To ku dubi abin da kuke yi ranar Alhamis a kasuwarku. A miƙo wa ɗayanku babbar riga, ba zai dubi gabanta ba sai ya juya ta ya duba bayan ɗinki. Ya san aikin hannu, ya san na keke. Ya san aska biyu daga aska takwas, ya san saƙi daga tsamiya, ya san hular da aka yi wata ana ɗinka ta da wadda aka yi wa sharri da zare. A kawo sirdi ko linzami ko zanannar ƙwarya, zai gaya maka hannun wane gari ne. Wannan idon shi ne duk abin da ake bukata a gidan kayan fasaha. Masu digiri a kan zane shekaru suke yi suna koyon abin da kuka tashi da shi, bambancin dai su ana biyansu su yi magana, ku kuwa taya kuke yi.

Ribar ma akwai ta, tunda sai an faɗa. Tela ko baduku ko maƙeri da ya tsaya gaban aikin da aka yi shekara ɗari da suka wuce zai koma rumfarsa da salon da abokan hamayyarsa ba su da shi. Kuma kada ku raina abin da aikin hannun ƙasar nan ya taɓa jawowa. Turkuɗin Kura shi Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara. Fatar jar akuyar Sakkwato, jemammiya, ayari ke ƙetare hamada da ita, ta isa Turai a sayar da ita da sunan fatar Maroko. Kakanninku sun yi aikin, wasu suka ci sunan.

Su kuwa Zurmi ba riba ta dame su ba, girman kai ne. "Mu za a nuna wa tarihi? Mu da muka riga su?" Allah ya huci zuciyar manya, ban ƙaryata ku ba. A ƙasarku Dutsi take, inda ake cewa nan Zamfarawa suka fara kafa sarauta. Birnin Zamfara ya yi zamaninsa kafin Babari Sarkin Gobir ya ci shi wajen 1762 ya kafa Alƙalawa. Shehu Usmanu ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Namoda na Alibawa yana cikin manyan da suka ja rundunar, ga sunansa nan a kan Ƙaura. Duk gaskiya ne. To ku nuna mini. Ɗaki ɗaya nake tambaya, a Zurmi ko Ƙaura ko Shinkafi, inda ɗan firamare zai shiga a ce masa ga irin sulken da aka je Alƙalawa da shi, ga irin kotson da Narambaɗa ɗan Tubali ya yi waƙa da shi, ga kayan 'yan taurin da Kassu Zurmi ya wasa. Tarihinmu duk a baki yake, kuma bakin nan kullum ana kai shi maƙabarta. Kanawa da kuke cewa sun cika baki, su sun yi wa nasu ɗaki sun sa mai gadi.

Malam, na ga ka gyara rawani, na san me ke tafe: wai gidan gumaka ne. Allah ya gafarta Malam, fatawa taku ce, ba na shiga gonarku. Abin da zan ce kawai, kayan Gidan Makama mafi yawansu gini ne da tufafi da makamai da hotuna da kayan sana'a. Kuma a Makka kanta akwai gidan da aka ajiye tsofaffin kayan Masallatai Biyu masu alfarma, har da tsohon matakalar Ka'aba na katako da tsohon bakin rijiyar Zamzam, alhazai suna zuwa suna kallo. Alhajin da ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan tafiya tamu, a binciki wayarsa, ba mamaki a tarar da hotonsa a can yana murmushi da haƙorin Makka.

Mai cewa tsohon kaya ba ya da mai so, ga labari. A shekarar 2000, zamanin Shugaba Shirak, babban gidan kayan fasaha na Lubur da ke Faris ya baje biyu daga cikin wasu mutum-mutumi uku na gasasshen yumɓu daga Nijeriya, biyu na Nok, ɗaya irin wanda masana ke kira na Sakkwato saboda a yankin ake tono su. Faransa saye ta yi da kuɗi masu yawa, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da irinsu. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 aka daidaita cewa mallakar Nijeriya ne amma za su zauna a can a matsayin aro na shekara 25. Ku tuna kafin 1996 mu ma jihar Sakkwato muke. Wanda ya tono abin da fartanya wataƙila kuɗin da aka ba shi bai kai na tunkiya ba, jikansa kuwa sai ya nemi biza kafin ya gan shi. Ba sai ka so mutum-mutumi ba kafin wannan ciniki ya ba ka haushi.

Saura magana guda, ita kam ba ta wasa ba ce. Duk wanda ya ce hanya ce ta hana shi, ba zan zolaye shi ba. Mun san abin da ƙasar nan ke ciki, kusan kowane gida da nasa tabon. Ba a fita da asubar fari, ba a yin dare. A tambayi direbobin tasha a ranar tafiya, ba jiya ba, su suka san inda aka kwana lafiya. A bi ta Gusau, Tsafe da Funtuwa, kada mutumin Zurmi ya ce zai yanke ta Jibiya don ta fi kusa ba tare da ya ji ta bakin masu bin ta ba. In aka ce yau ba daɗi, a fasa, gidan ba gudu zai yi ba. Mafi sauƙi ma a liƙa kallon a jikin tafiyar da dama za a yi ta: mai zuwa sari ya ƙara rabin yini, mai kai yaro jami'a ya biya da shi.

In an isa lafiya, a kauce wa Juma'a, don unguwar tana jikin babban masallaci, cunkoso zai cinye muku rana. A je da hantsi, ciki da nauyi, saboda mai jin yunwa ba ya ganin kyan komai sai na tuwo. A riƙe canji na kuɗin shiga, a nemi mai jagora daga ma'aikatan gidan, a yi masa tambayoyi har ya gaji, a kuma sallame shi da mutunci, Shinkafawa da ku nake. A nemi izini kafin ɗaukar hoto. Samarin da za su shiga su juya wa kayan baya, su yi ta ɗaukar fuskarsu suna turo baki, gara su tsaya a waje su tsare mana takalma. Yara kuma a ba kowa takarda da fensir, a ce ya zaɓi abu ɗaya tak ya zana shi. Yaron da ya yi rabin sa'a yana bin zanen ƙyaure da ido ya fi ganin gidan a kan babban da ya zaga shi duka yana duba agogo.

Daga nan Kurmi ba nisa, marinar Ƙofar Mata ma haka, inda har yanzu ake tsoma yadi a baba. Mai sauran ƙarfi ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Baturen nan Hans Bisha da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Dutsen Dala kuwa, Baba, ka tambayi gwiwarka tukuna. Kada a ce sai an haɗa duka a yini ɗaya, biyu an gani da kyau sun isa. Wanda zanen zamani na fenti da buroshi ke burge shi, Zariya ce tasa, sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda a 1958, tun kafin makarantar ta zama jami'a, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce mai zane na Nijeriya ya nemi salonsa a gida. Masu cewa ginin tukwane ba ya kai mutum ko'ina, su zaro naira ashirin su juya bayanta. Ladi Kwali ce a zaune tana gina tukunya, ku kuma hotonku ko a katin zaɓe da ƙyar ake gane ku.

Abin da nake so mu dawo da shi daga Kano ba tsaraba ba ce, kishi ne. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, nan layin ya tuƙe, nan aka yi ta lodin gyaɗa da auduga, wannan kaɗai ya isa cika ɗaki da hotuna da kayan aiki. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a garin, cike da masu ilimi. Ga gidajen sarauta da na malamai, inda takubba da tsofaffin littattafan hannu ke kwance a adaka gara tana karatunsu. Masu martaba, Allah ya ja zamaninku, ɗaki ɗaya da makulli da littafin rajista muke roƙo, kowane gida ya kawo aro a rubuta sunansa a jiki.

Mai zuwa ya kai sunansa da kafin alƙalami wurin ma'ajin ƙungiyarmu kafin kasuwar Alhamis. "Sai na duba" ba ta zuba wa mota mai.