Ana Cigiya, Kaya Na Ɗaki

A Jahun, cajin kwamfuta ma aiki ne, balle harhaɗa GCC daga tushe, manhajar nan mai mayar da rubutun masu shirya manhaja yaren na'ura. Sai an shafe awanni, fanka na huci, cinya ta gasu, sannan aiki ya tsaya cak: wai ba a ga libmpfr ba, wani laburaren manhaja da GCC ke buƙata. Alhali da hannunka ka girka shi, tare da 'yan uwansa GMP da MPC, a /usr/local/lib! Kamar mai cigiyar akuya a kasuwa, ga ta ɗaure a gidansa.

Kwamfuta, baiwar Allah, ba ta leƙa wannan ɗakin sai an nuna mata. Malam, buga umarnin ldconfig, ko ka sa hanyar a LD_LIBRARY_PATH, tun batir bai mutu ba.