Sannu da Ƙoƙari, Gwanin Haɗin Abincin Kaji

Ranka ya daɗe mai injin haɗi, unguwar Makera na bin kanta bashin yi maka godiya a bainar jama'a. Tun da masaƙun Kakuri suka fara garƙame ƙofa, masaƙar KTL da aka kafa a 1957 ta tsaya a 2002, sauran suka bi sahu, gidaje da dama a wannan yanki suka koma neman na cefane da kiwon kaji a bayan ɗaki. Uwargida ta kwashi adashe ta sayi 'yan tsaki hamsin, tana lissafin su isa yanka kafin Sallah ko Kirsimeti. Kai ka share mata hawaye da buhu mai kilo 25 a farashin da babu mai iya karya shi. Wa ya kai ka tausayin talaka?

Masana kiwo, irin na cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya, sai wahalar da kai da lissafi. Wai ɗan tsakon nama na buƙatar furotin kashi 22 zuwa 23 cikin ɗari a makonnin farko, a sauko da shi kashi 18 zuwa 20 idan ya tasa, kuma kowane kilo na abinci ya ɗauki kalori wajen dubu uku. Wai masara ƙarfi take bayarwa, furotin ɗinta bai wuce kashi 9 ba, don haka dole a haɗa ta da tunkuzar waken suya mai kashi 44. Kai kuwa ka warware matsalar cikin dare ɗaya: a rage waken, a tsakure masara, a cika da dusa da niƙaƙƙen ɓuntun shinkafa, a yayyafa yashi don sikeli ya gamsu. Ilimin da ba a koyarwa a jami'a ke nan.

Ga sakamako kowa na gani. Kaza tana ci ne har sai jikinta ya sami ƙarfin da yake nema, shi ya sa taka ke wuni a bakin kwano. Maƙoƙo ya cika tim da ɓuntu, jiki na nan jiya i yau. Mako shida, lokacin da ya kamata ta kai kilo biyu, uwargida ta ɗaga ta ta ji sakayau, ƙashin ƙirji tsaye kamar bakin wuƙa. Gashi a yamutse, zawo ya jiƙe garin katakon da aka shimfiɗa, 'yan uwanta na tsattsagar gindinta har jini saboda yunwar furotin. Ka rage wa mahauci nauyin ɗauka, ka kuma koya wa kaza juriya. Madalla.

Kajin ƙwai ma ba ka manta da su ba. Ran da masara ta yi araha sai ka zuba ta da yawa ka hana waken, kaza ta tara kitse a ciki da hanta, ƙwai ya ragu ya ƙanƙance. Garin ƙashi da ɓawon kawa kuwa ka ga almubazzaranci ne, shi ya sa ƙwan ke fashewa tun kafin ya shiga kiret.

Babbar bajintarka ita ce takin yuriya. Ka san awon furotin sinadarin naitirojin yake dubawa, sai ka barbaɗa taki lissafi ya hau. Tumbin saniya na iya sarrafa kaɗan daga ciki, kaza ba ta iyawa, amma wa zai tambaye ta? Tunkuzar gyaɗar da ta yi funfuna ma ba ka bari ta lalace a banza. A 1960 irinta ta kashe talotalo kusan dubu ɗari a Ingila, har aka gano gubar aflatoksin. Su can suka tsorata, kai ko gezau.

Arzikinka kuma na shafar maƙwabta. Garkuwar jikin kajin ta karye, mai shagon magani ya yi ciniki, a ɗura musu ƙwayoyi sati bayan sati, ragowar maganin ta bi nama zuwa tukunyar yara. Uwargida ta zargi mai ƙyanƙyasa, ta zargi sanyi, ta zargi bakin mutane. Kuɗin makaranta ya tafi, zubin adashe na jira, ita kuwa gobe ta dawo ta durƙusa ta ce, “Alhaji, a taimaka da buhu ɗaya bashi.”

Irin wannan hidima ta fi ƙarfin takardar yabo. Tukwicin da ya dace da kai shi ne matan Makera su haɗu su ba ka 'yan tsaki ɗari biyar, ka biya da kuɗin aljihunka, ka kiwata su da haɗin hannunka kaɗai, a ɗora su kan sikeli duk ranar Asabar a gaban jama'a, iyalinka kuma su jira ribar don cefanen gida.