Ku da kuke son a ba ku jadawalin kirki

Na san ku sarai. Da an ce falsafa sai ku ja tsaki, ku ce hirar ƙosassu ce. To ku gyara zama, yau da ku nake.

A 1958 wata Baturiyar Ingila, Elizabeth Anscombe, ta ce masanan ɗabi'a na Turai sun cika bakinsu da "wajibi" da "dole" alhali sun daina yarda da Mai kafa dokar, don haka gara a koma wajen Aristotle a duba halin mutum. Philippa Foot ta bi wannan hanya, Alasdair MacIntyre ya fitar da After Virtue a 1981. Jigon tafiyar kalmar Girkanci ce, phronesis. Kada ku karya harshenku, sanin ya-kamata ne, wanda kakarku ta sha cewa ba ku da shi.

Ƙorafinku shi ne ba a ba ku doka ba. An ba ku mana. Rosalind Hursthouse, a littafinta na 1999, ta ce kowane hali nagari umarni ne: yi gaskiya, yi tausayi, kada ka ci amana. Rigimar tana ranar da gaskiya da tausayi suka yi karo a zaure ɗaya. Kuna son dokar da ba ta lanƙwasa? Ga Kant nan, wanda a 1797 ya ce ko mai kisa ne ya zo ƙofarka yana neman abokin da ka ɓoye, ba ka da ikon yi masa ƙarya. Wane ne cikinku zai je ɓuya gidansa?

Kai malam mai girgiza kai, ran da surukarka ta aiko da miyar da gishiri ya yi wa yawa, aka tambaye ka yaya, me ka ce? "Allah ya ƙara arziki." Ƙarya ba ka yi ba, rai ba ka ɓata ba. A wane shafi ka karanta wannan?

Samari masu sabon digiri, ku yi haƙuri: Aristotle ya ce yaro kan iya zama gwanin lissafi, amma sanin ya-kamata sai an sha rana.

Tambayarku ɗaya ce take cizo: wa zai gane mai hikima in ba mai hikima ba? Har yau masanan na kokawa da ita. Sai dai na lura, ran da kuka yi rikicin iyakar gona da maƙwabci, ba wanda ya yi muku kwatancen zauren dattijon da kuka nufa.