Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Sarkin Shan Fate

Bawana, ajiye ludayin nan ka goge baki, ubangidanka zai yi magana.

Wancan makon da na biyo ta Zariya ka sa aka dire mini kwanon fate, kana ta hura hanci wai abincin gado ne tun zamanin Bakwa Turunku. Na yi shiru na sha, don mai hankali ba ya musu da mai abinci sai ya ƙoshi. To yanzu na dawo Kano, ciki ya sauka, bari in tona maka asirin kwanon nan. Tsakin masarar da ke ciki, asalin masara ƙasar Meziko ne. Tumatir da tattasai daga can nahiyar suka fito, gyaɗa kuma daga Kudancin Amurka. In aka sallami baƙi daga fatenku, yakuwa kaɗai za ta rage tana iyo a ruwan zafi.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne alayyahu, ɗan sarauta da ya faɗa hannun waɗanda ba su san darajarsa ba. Irin da aka fi shukawa a lambunanmu shi ma can ne mahaifarsa. Ku kuna yanke ganyen ku watsa a tukunya, in ya yi kai ya fid da 'ya'ya ku ce ya tsufa, a ba akuya. Alhali waɗannan 'ya'yan, da ba su kai ƙwayar gero ba, su ne dukiyar. A kogunan kwarin Tehuwakan na Meziko masu tonon tarihi sun samu ƙwayarsa da ta kai wajen shekara 6,000. Mutanen daular Aztek suna kiransa huwatli, kuma hatsi ne sosai a wurinsu, sahu ɗaya da masara da wake. Akwai wani tsohon kundi mai suna Mendoza da ya zana harajin da lardunan daular ke kai wa babban birninsu Tenoctitilan, a ciki har da rumbu-rumbu na ƙwayar alayyahu. Ka ji fa, bawana. Abin da sarakuna ke karɓa a matsayin gandu, shi kake jefa wa akuya.

Ga inda labarin ya fi daɗi. A wani bikinsu na shekara sukan kwaɓa garin ƙwayar da zuma ko zaƙin wani tsiro, su gina siffar gunkinsu na yaƙi, su yi ta zagayawa da shi, daga ƙarshe a farfasa shi a raba kowa ya cinye. Allah Ya raba mu da jahilci. Sai dai na zauna na yi tunani, da kakanninka ne a wancan zamani, gunkin fate za su gina, kafin a kai shi dandali ya malale a hanya, a bi shi da ludayi.

Wannan bikin ne ya jawo wa alayyahu baƙin jini. Da Kotes da sojojin Sifaniya suka ci birnin a 1521, limaman cocinsu suka ga hatsin ya cuɗe da bautar gumaka, suka yi ta yaƙar al'adar, nomansa ya ja baya ƙwarai. Ƙauyawan kan duwatsu ne suka riƙe iri. Har yau a Meziko ana zuba ƙwayar a kasko mai zafi ba mai, ta fashe kamar gugguru, a haɗa da zuma a yanka kamar kantun riɗi. Sunan alewar alegiriya, wato farin ciki. A Peru suna ce masa kiwica. Indiyawa suna kiransa rajgira, hatsin sarakuna, wasu su ce ramdana, kuma shi mabiya addinin Hindu ke ci a kwanakin azuminsu na Nabaratri. A 1985 ɗan sama jannatin Meziko, Rodolfo Neri Bela, ya tafi da shi sararin samaniya. Alayyahu ya je sama ya dawo, kai ko Kwangila sai ka yi shawara da iyali.

Na san abin da za ka ce: Bakano ya hango kuɗi. Ƙwarai kuwa na hango. Ƙwayar tana da sinadarin gina jiki fiye da masarar da kake tinƙaho da ita, kuma kai ɗaya yana fid da dubbai. Abin lura kawai, irin da ake nomawa don hatsi fari ne ko ruwan madara, namu na miya kuwa baƙi ne sul. Kuma kada ka ce mini mu ma Kanawa ganyen muke ci a miyar taushe, ko ka tayar da zancen ruwan Jakara da ake ban-ruwa da shi. Wannan maganar manya ce, ba ta shafi bawa ba. Ku ne masu jami'a, ku ne masu cibiyar binciken noma a Samaru, ku ne masu Turanci har da mai sayar da rake. Aikinku ne ku samo farin irin ku noma, namu mu auna a Dawanau mu sayar muku da tsada.

Watan cika-ciki ya kusa. Bana ba na son kuɗin shara a hannu. Ka tara mini tiya guda ta ƙwayar alayyahu, ka sheƙe ta tas, ka kawo da kanka har Ƙofar Nasarawa. In ka zo da fate a kula, a bakin ganuwa za ka shanye kayanka kafin ka shigo.