Masu Ba Kura Ajiya

Wanda ke son sanin halin mutanen zamanin nan ba sai ya je kotu ba. Ya nemi benci a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ya zauna kusa da teburin mai gyara na awa biyu. Akwai tambaya guda da mai gyara ke yi wa duk wanda ya miƙo masa waya: "Yallaɓai, mene ne lambar buɗewa?" A wurin amsa wannan tambaya ake gane kowa. Wani ya faɗa da ƙarfi kamar mai kiran salla, wani ya sunkuyo ya raɗa, wani kuma ya tsaya yana sosa ƙeya, sai ya aro wayar wani ya kira ɗansa ya tambaye shi.

Da can idan aka sace maka waya, asararka kuɗin wayar ne da lambobin abokai. Yanzu ba haka ba ne. Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, aka kuma ce a haɗa kowane layi da NIN a watan Disambar 2020, sannan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har mai ƙosai karɓar taransifa, waya ta zama adakar uwar ɗaki, ta zama aljihun maigida, ta zama durowar takardu. Duk da haka yawancinmu mun fi kula da makullin kejin kaji a kan makullinta. Ga waɗanda na gani, kuma in ka ga kanka a ciki kada ka yi fushi, ni ma ina nan tafe.

Na farko shi ne Malam Ɗaya-Biyu-Uku-Huɗu. Lamba mai gurbi huɗu tana da fuska dubu goma, daga 0000 zuwa 9999, amma duk faɗin wannan fili Malam bai ga inda zai kafa bukkarsa ba sai bakin hanya. Ka ce masa ai 1234 ce farkon abin da ɓarawo ke gwadawa, sai ya yi murmushin manya ya ce ai shi ya fi su wayo, nasa 4321 ne. Yana da ƙane da ke sa shekarar haihuwarsa, alhali shekarar tana nan ɓaro-ɓaro a Facebook da kuma kan katin shaidar da ke aljihu ɗaya da wayar. Ƙanwarsu kuwa zane take yi, harafin farkon sunanta, kullum da yatsan da ya gama cin awara. Ka karkata gilashin wajen haske, ga hanyar nan ta maiƙo kwance kamar sawun katantanwa.

Sai Malam Marubuci, wanda bai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba, kuma yana da gaskiya. Laifinsa ɗaya, inda yake ajiye rubutun. Cikin rigar wayarsa akwai katin ATM, akwai takardar NIN a ninke, akwai wata 'yar takarda da aka rubuta lamba huɗu da jan biro. In ya waye sosai sai ya adana ta cikin jerin sunaye, ya sa mata suna "Fin ɗin banki", don kada ɓarawo ya sha wahalar nema.

Wanda ya fi ba ni dariya, kuma ya fi yawa, shi ne Maigida Mai Tsaron Cikin Gida. Wannan bawan Allah ya san tsaro. Wayarsa na da dangwalen yatsa, na da lamba shida, WhatsApp na da nasa makullin, ma'ajiyar hotuna na da nata. In zai shiga wanka da ita yake shiga, in zai kwanta ƙarƙashin matashi take kwana, a kife. Sai dai duk wannan ganuwa ba don ɗan ƙwacen waya aka gina ta ba. Abokin gabar da yake tsoro yana cikin gida, yana dafa masa tuwo. Da uwargida ta matso ta ce, "Maigida, ara min in haska ƙarƙashin gado," sai ka ga gumi ya keto masa a tsakiyar hunturu.

To ranar da yaran nan suka tare shi a cikin Adaidaita Sahu suka karɓe wayar, sai ya dawo gida yana ta'aziyyar kansa: ai ba za su iya buɗe ta ba. Bai san ba su da niyyar buɗe ta ba. Gangar jikin wayar za ta tafi wurin masu sayen kayan gyara, a raba gilashi da batir. Abin da suke so ɗan ƙaramin abin nan ne da bai kai farce ba. Tsinke ɗaya ya isa a zaro layin, a zura shi cikin rakani-kashi, shi ke nan ɓarawo ya zama maigida. Ya danna *565*0# BVN ta fito, saƙon banki na gaba ya gaya masa bankin da ake hulɗa da shi da abin da ya rage a ciki, duk wata lambar tabbatarwa da za a turo kuma hannunsa za ta faɗo. In aka yi rashin sa'a maigida ɗan gidan su Malam Ɗaya-Biyu-Uku-Huɗu ne, kafin ya gama ba da labari a majalisa an yi masa ƙarƙaf.

Abin haushin shi ne layin ma yana da nasa makullin, kuma kyauta ne. Yana nan cikin saitin kowace waya, har ƙananan masu madannai. Da ka kunna shi, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka mai da layin wata wayar, sai an sa lambar kafin ya yi aiki. Kuskure uku, ya rufe bakinsa. Minti biyu aikin yake ci. Amma da yake uwargida ba ta taɓa yunƙurin zare layi ba, maigida bai ga dalilin yi ba.

Kishiyarsa shi ne Sarkin Makullai, wanda ya ji irin wannan bayani a rediyo ya tashi tsaye da dare ya kulle komai. Ya sa wa layi lamba, ya sa wa kowace manhaja tata daban, ya canza ta banki, duk a zama ɗaya, bai rubuta ko ɗaya ba don an ce kada a rubuta. Da asuba waya ta mutu, ya sa caji, ta tashi ta tambaye shi. Ya gwada sau uku. Ta ce to kawo PUK, lamba takwas ɗin nan da ke jikin katin da layin ya zo a ciki, katin da yara suka yi wasa da shi tun shekarar da aka saye shi. Namiji ba ya ja da baya, sai ya shiga canka. A canka ta goma layin ya mutu murus. Washegari ga shi a layin ofishin kamfanin waya da takardar NIN a hannu, tsakanin mutum biyu da aka yi wa ƙwace, suna tambayarsa a ina aka tare shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma Hajiya Mai Ladabi. Ita ba a sace mata waya, ba a ma buƙata. Kira ake yi, da murya mai sanyi.

"Salamu alaikum, Hajiya, barka da rana. Daga banki ne. Mun ga BVN ɗinki ta samu matsala, yau za a rufe asusun."

"Innalillahi! Ɗan nan, kuɗin adashen mutane ne a ciki."

"Kada ki damu, Hajiya, ai don haka na kira. Uwa ce ke a wurina. Za ki ga wasu lambobi sun shigo yanzu, ki karanto min."

Ta karanto, har da maimaitawa don kada ya yi kuskure, ta kuma sa masa albarka, Allah ya ba shi masu yi masa. Kowane saƙo irin wannan yana ɗauke da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, bankuna kuma sun gaji da shelar cewa ba sa kira su nemi lambar sirri. Amma gargaɗin da Turanci yake zuwa, ɗan damfara kuwa da Hausa yake gaisuwa, har ya tambayi jikoki. Ni a ganina Hajiya ba wauta ke damunta ba. An tarbiyyantar da ita cewa katse wa mutum magana rashin kunya ne, kuma a nan aka kama ta.

Mijinta ma bai tsira ba, shi ta WhatsApp aka biyo masa. Wani ya kira ya ce shi ne sabon sakataren zauren tsofaffin ɗalibai, za a yi taro da daddare ta intanet, an turo wa kowa lambar shiga guda shida. Alhaji ya karanto. Lambar nan ita ce wadda WhatsApp ke turowa idan ana son ɗora asusunka a wata waya. Kafin la'asar duk wanda ke cikin wayarsa ya samu saƙo: "Don Allah ranta min dubu hamsin, manhajar bankina ta ƙi, gobe zan mayar." Akwai tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin WhatsApp, wata lamba shida da kai ka zaɓa, wadda da ta tare ƙofar. Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai daga baya ba kutsen ba ne. Cikin mutum ɗari uku, biyu ne kawai suka tura.

Alhajin Gilashin Mota ba ya fitowa a wurin mai POS. Ya sauke gilashi, ya miƙa wa yaro kati, ya ɗaga murya ta haye ƙarar janareta: "Bakwai, bakwai, sifili, biyu! Ka ce dubu ashirin!" Direba ya ji, mai lemo ya ji, masu jiran Adaidaita sun ji.

Shi kuwa Malam Latsau ba abin da ke wuce shi. Kyautar data gigabait hamsin don murnar sallah, latsa. Tallafin gwamnati ga mutum dubu na farko, cike sunanka da BVN da lambar katinka, cike. Tura wa zaure biyar kafin a biya ka, ya tura wa goma don a san da gaske yake. Shekara nawa yana wannan ibada bai taɓa samun ko megabait ɗaya ba, kuma bai karaya ba. Shi ne ya sauke manhajar bashi ta tambaye shi izinin ganin sunayen da ke wayarsa da hotunansa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Ya makara kwana uku a kan dubu goma, sai ga saƙo wurin surukinsa da limamin unguwa da tsohuwar budurwarsa, da hotonsa, cewa a yi hattara da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana, amma Latsau ya ce laifin netiwok ne.

Mai Shela ba sai an tambaye shi ba. Ya karɓi fasfo, hoto a sitatus, lambobi a fili. Ya samu takardar ɗaukar aiki, hoto. Zai tashi zuwa Umara, ga tikiti, ga ranar tafiya, ga ranar dawowa, don masu fasa gida su tsara lokacinsu.

Daga ƙarshen benci akwai Malam Ƙaddara. Wayarsa ba makulli ko ɗaya, shafa ta kawai ka shiga. Ka yi masa magana ya ce abin da Allah ya tsare ba mai taɓawa, kamar ba a karantar da shi tun a makarantar allo cewa ana ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali ba. Ranar da aka sace wayar ya zo wurin mai gyara a taimaka a gano masa ita. Aka ce ina IMEI, lamba goma sha biyar da ke fitowa in an danna *#06#, wadda ke jikin kwalin wayar ma. Kwali an kunna gawayi da shi. Aka ce to ba komai, Google na da hanyar nuna inda wayar Android take, a kulle ta ko a goge ta daga nesa, kawo adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirri. Ya ce wane Gmail? Ashe yaron shagon da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa, shi ya zaɓi sunan, shi ya zaɓi kalmar, kuma yaron ya koma Legas. Aka ce ya kira banki a tsayar da asusun, ya kira kamfanin layi a toshe layin. Ya ce sai Litinin in Allah ya kai mu. Ranar Juma'a ce.

Irinsa ne ke sayar da tsohuwar waya ba tare da ya mai da ita yadda ta fito daga kamfani ba, da katin memori a ciki, mai saye ya gaji hotunan suna da na biki da saƙonnin shekara huɗu.

Na ce ina nan tafe. Ni layina a kulle yake, PUK ɗina na cikin littafi a gida, ba na karanta wa kowa lamba ko da ya ce daga Babban Banki yake. Ina cikin rubuta wannan ne na ɗaga kai na ga 'yata mai shekara bakwai tana kallon katun a wayata, wadda na tabbata na kulle.

"Ke, wa ya buɗe miki?"

"Ni na buɗe, Baba."

"Wa ya gaya miki lambar?"

"Ba kowa. Ai kullum kana cewa ba za ka manta 2008 ba, shekarar da Kano Pillars ta fara cin kofin gasar ƙasa. Umma ma ta sani. Har mai kawo ruwa."

Na karɓe wayar a fusace, na shiga saiti nan take na canza. Na mai da ita 2012.